Rodin gini ba sandar birki ba ne

Ranar Asabar wani saurayi ya turo kekensa na guragu cikin gareji, abokinsa na biye da shi a wata tsohuwar mota. Hatsarin babur ne ya taɓa masa laka, ƙafafu ba sa ji. Ya miƙo mini waya ya ce, "Kawu, dubi wannan Baturen, shi ma a keke yake, ga shi yana keta hamada da babbar mota. Bikin abokina saura sati biyu, so nake in yi wasan mota." Na leƙa ƙarƙashin sitiyari. Rodin gini guda biyu ne, an yi musu walda kai tsaye a jikin matakin birki da na totur, an naɗe kawunansu da robar tayar keke. Jikina ya yi sanyi, domin ni ma a keke nake, kuma kusan irin aikin da na yi wa motata ta farko ke nan.

Baturen da ya nuna mini Albert Llovera ne, ɗan ƙasar Andora, 'yar ƙaramar ƙasa a cikin duwatsu tsakanin Faransa da Sifaniya. Yana da shekara 17 ya shiga gasar Olamfik ta lokacin sanyi a Sarayebo, babban birnin Bosniya, a 1984, a tseren zamiya kan dusar ƙanƙara, inda mutum ke gangarowa daga kan dutse bisa dogayen alluna biyu yana kewaya sandunan da aka kafa. A 1985, a wannan garin dai, yana tsakiyar gangarowa a gasar Turai wani jami'in gasar ya gitta masa. Suka yi karo, ƙashin baya ya karye, daga ƙirji zuwa ƙasa ya daina ji. Sai a 1989 ya ci kofin Peugeot na tseren mota a ƙasarsu. A 2001 ya shiga rukunin matasa na gasar tseren mota ta duniya da motar Fiat Punto, a 2007 ya fara shiga gasar Dakar ta tseren motoci a hamada, a 2016 ya koma manyan motoci, ya kuma tuƙa babbar mota ƙirar Iveco a gasar Dakar a Saudiyya a 2020. Daga faɗuwa zuwa Dakar shekara 22. Yaron nan bidiyon minti ɗaya ya gani, shi ke nan ya ɗauka ya gama sanin labarin.

Kuskurena na farko shi ne alkiblar sanda. Na haɗa ta yadda turawa gaba totur ne, jawowa baya birki. A tsaye abin ya yi mini daidai. A kan hanya kuwa, da zarar mota ta fara tsayawa jiki gaba yake tafiya, kuma wanda ba shi da ƙarfin ciki da na baya ba abin da zai riƙe shi. Nauyin ƙirji ya sauka a kan hannu, hannu ya saki birki ya danna totur. Da katanga na gane haka. Shi ya sa sandunan kamfani turawa ce birki, jawowa totur: faɗawar jiki gaba ƙara wa birki ƙarfi take yi. Zan iya cewa a lokacin ba wanda zai nuna mini, ba intanet, ba wanda na taɓa gani yana tuƙi da hannu, kuma gaskiya ne. Amma fili yana nan bayan gari, ba wanda ya hana ni gwadawa da gudun tafiyar ƙafa kafin in hau kwalta. Gaggawa ce kawai.

Na biyu walda. Matakin birki ba miƙe yake sauka ba, lanƙwasowa yake a kan ƙusar da ke riƙe da shi daga sama. In ka manne masa sanda da walda, duk dannawa murɗa wurin take yi, har ya tsage ta ciki inda ido ba ya gani. Zafin waldar ma yana raunana ƙarfen matakin. Abin da ya kamata shi ne maƙali mai faranti biyu da ke rungume hannun matakin da ƙusoshi, sannan sandar ta haɗu da shi ta gaɓa mai ƙwallo wadda ke juyawa. Ƙusa ta zama mai lamba 8.8 a kanta, noti mai roba a ciki, in babu a ɗaura noti biyu su matse juna. Gindin sandar a ɗaure shi a ƙarfen da ke riƙe da wuyan sitiyari, ba a jikin robar gaban mota ba. Rodin gini kuwa don kankare aka yi shi, a bar shi can. Na yi ta gaya wa kaina rashin kuɗi ne ya sa, kuma lallai aljihu ba nauyi a lokacin. Sai dai abin da na kashe a gyaran gaban motar ya fi kuɗin ƙarfe mai kyau.

Akwai wanda har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Bayan matakin birki akwai wata baƙar tukunya da ke amfani da zuƙar injin tana taimaka wa ƙafa. Inji na mutuwa, dannawa biyu ko uku suka rage, daga nan birki ya koma dutse. Mai ƙafa zai miƙe a kansa da dukan nauyinsa. Mai hannu ba shi da wannan, tsawon sandarsa ne kawai ƙarfinsa. Tawa gajera ce, kuma tana dukan gaban mota kafin birki ya kai ƙarshe. Ban taɓa gwada ta da inji a kashe ba sai ranar da ya mutu mini a gangare. Allah ne ya tsare, ba dabarata ba.

Duk wannan ƙarfe ne, ana canza shi. Jiki ne ba shi da shago. Ƙafar da ba ta ji tana zabura da kanta in an faɗa rami, ta harba kan totur ko ta shige ƙarƙashin birki ta tokare shi. Maganinsa farantin ƙarfe da ke rufe matakan, da ɗamara a cinya. Ƙasan mota ta gefen salansa yana zafi, ni kuwa ƙunar da na samu a idon sawu sai da dare na gan ta wajen cire safa. Sannan gyambon zama. Awa huɗu ka zauna a kujerar da ba kushin kirki, kana gumi, mota na girgiza ka, fata ta mutu a kan ƙashin ɗuwawu ba ka sani ba. Nawa ya kwantar da ni watanni, rub da ciki. Ka'idar a bayyane take: ɗaga jiki duk minti 15 zuwa 30, duba fata da madubi safe da dare, jan da bai gushe ba bayan rabin awa kada a sake zama a kansa. An gaya mini wannan a asibiti, ba zan ɗora wa kowa ba. Na dai ga kamar tsayawa ɗaga jiki a gaban abokai tallar rauni ce.

Wanda rauninsa ke daga tsakiyar ƙirji zuwa sama yana da ƙarin haɗari. Jikinsa ba ya gumi yadda ya kamata a ƙasan raunin, zafin mota na iya dafa shi. Mafitsara in ta cika, ko robar fitsari ta lanƙwashe ƙarƙashin bel, jini na iya hawa nan take: kai ya sara, fuska ta yi ja, ido ya dushe. A tsaya, a zauna a miƙe, a sassauta duk abin da ya matse, a zubar da fitsari. In bai sauka ba, asibiti.

Na zo da niyyar jera muku shawara goma, amma na san ku, samarin yanzu, layi uku kuke karantawa ku zarce zuwa bidiyo na gaba. To ga su. Mota mai giya otomatik, ba gardama. Kada ka haɗa sandar birki da kanka. Ko da yake, wa zai haɗa maka? Masu wannan aikin a ƙasar nan ba su da yawa, na kamfani kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka. To ka haɗa, amma ka zauna kusa da bakaniken, ka gwada a fili wata guda, da inji a kunne da a kashe, ka bi notuna da sifana duk sati. Ka koyi fita daga motar kai kaɗai, ana duba agogo, domin hukumomin tsere ba sa ba nakasasshe lasisi sai sun ga ya iya fitar da kansa, kuma wuta ba ta jiran a buɗe keke.

Wasan mota a biki kuma, a'a. Llovera a kan hanyar da aka killace don gasa yake, da alƙalai da masu tsaro, mutum ɗaya tak ya gitta, abin da ya faru ya faru. Kai kana so ka juya mota da hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a rodi, a layin da yara ke bin amarya a guje. Ba na ce kada ka yi gudu ba. Ni ma na so shi, kuma ba zan ce wa mai keke ya haƙura da abin da ransa ke so ba, an ce mana haka ya isa. Shi Llovera zobba ne a jikin sitiyarinsa, na totur da na birki, ba sai hannunsa ya bar sitiyari don totur ko birki ba, ga kujera mai rungume haƙarƙari, ga bel mai ratsa kafaɗu da ƙugu, ga kejin ƙarfe kewaye da shi. Kai me ka tanada a ciki?

Yaron ya ce, "Kawu, ai sau ɗaya ne." Na sa aka yanke rodin biyu a gabansa, na riƙe makullin motar. Ya fita ransa a ɓace, ko sallama babu. Na ce wa abokin ya dawo da shi ranar Litinin da safe mu auna tsawon hannunsa daga kujera, ya kuma zo da kushin da yake zama a kai in gani.