Muna auna bango kafin damina ta sauka

Mu biyar ne a ɗan kamfaninmu da ke Zariya: ni da na karanta zanen gine-gine, samari biyu masu kamara da jirgi marar matuƙi, wata ƙanwata mai aikin kwamfuta, sai Baba, tsohon magini da ya gaji sana'ar a wajen mahaifinsa. Aikinmu shi ne ɗaukar surar tsohon gini, soro ne ko zaure ko masallaci, mu zuba ta a kwamfuta da tsayinsa da kaurinsa da duk inda ya karkace, don a gano ciwo tun yana ƙarami.

Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana sallar la'asar, wani sashe na babban masallacin garin nan ya rufta kan masallata, aka rasa rayuka. Ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne, mai shekaru kusan 200. A Satumba 2024 kuma ruwan sama ya kayar da wani tsohon masallaci a Damagaram. Tun daga nan na mai da hankalina kacokan kan wannan aiki, don na san ginin ƙasa kan daɗe yana ba da alama kafin ya faɗi.

Mukan ɗauki hotuna ɗaruruwa, kowane yana hawa kan na kusa da shi, kwamfuta ta haɗa su su zama gini na ɗigo-ɗigo da za ka juya ta ko'ina. Na'urar leza, mai awo da haske, ta fi daidai, amma hayarta muke yi saboda tsada. Daga nan ne ainihin wahalar: kowane bakan gizo (lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufi), kowace azara, kowane indararo sai an ba shi suna da tarihi a cikin surar da ke kwamfuta. Yaushe aka yi yaɓe na ƙarshe, da makuba ko da laso (simintin gargajiya), ina gara ta taɓa shiga. Baba ke faɗa, ƙanwata na rubutawa.

Mutane kan kawo mini zancen majami'ar Notre-Dame ta Faransa, wadda masanin tarihin gine-gine Andrew Tallon ya auna da leza kafin gobarar 2019, awon ya taimaka wajen gyaranta. Gaskiya ne. Amma ni abin da ya fi damuna shi ne awo na biyu. Sai an auna a Afrilu, an dawo a Oktoba, an ɗora wannan kan wancan, sannan za a ga abin da damina ta yi.

Haka ta faru a wani zauren gado a cikin birni. Awon Oktoba ya nuna bangon gabas ya yi ciki, kamar santimita 3, daidai ƙasan indararo. Da ido ba ka ganin komai, don an shafe shi da siminti sumul. Baba ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ya kara kunnensa, ya ce, "Injiniya, nan fa fanko ne." Da aka ɓamɓare, tubalin ya jiƙe sharkaf, kana matsawa yana marmashewa a hannu. Indararon ya toshe da sheƙar tsuntsu, ruwa na sulalewa ta baya, siminti kuma ya hana bangon shan iska. Kwana huɗu aka yi ana gyara. Maigidan ya ce, "Baba, da ba ku zo ba fa?" Baba ya ce masa, "Alhaji, baɗi war haka da zancen azara muke."

Shi ya sa ba na yarda a ce kwamfuta za ta maye gurbin magini. Ita takan nuna wurin, shi ke faɗin dalili.

Matsaloli kam akwai. Kuɗin manhaja da dala ake biya, wuta sai sola. Jirgi kuwa ba ma tada shi sai mun gaida mai unguwa an sanar da maƙwabta, saboda mata na tsakar gida. Wadda ta fi ci mini rai ita ce masu biyan awon farko, su karɓi hoto mai kyau su rataye, in ka ce a dawo bayan damina su ce ai an gama. Yanzu ba na karɓar aiki sai an sa zuwa biyu a yarjejeniya, na rage kuɗin na biyun. Gidaje uku ke jiranmu a Afrilu, Baba ya riga ya aika a tanadar masa makuba.