Wa da ƙani sun koma dandali

Ranar 27 ga Agusta 2024 ina cikin kurɓar shayi a wurin aikinmu a Manchester, sai ga abokin aikina Bature ya faɗo ofis, waya a hannu, baki har kunne kamar an yi masa haihuwa. Wai 'yan'uwan nan na Oasis, ƙungiyar mawaƙan rock ta Manchester, sun sasanta, za su koma dandali.

Ni fa kiɗan rock bai taɓa shiga raina ba, hayaniyar jita ta yi mini yawa. Labarin 'yan'uwan ne ya ja ni. Noel Gallagher da ƙaninsa Liam, jagororin ƙungiyar, uwa ɗaya uba ɗaya, sun yi kaca-kaca a bayan dandali a Paris a Agustan 2009, gab da fara wasa, har da fasa jita. Noel ya kama gabansa. Shekara 15 sai habaici da gugar zana a jaridu da Twitter, alhali mahaifiyarsu tana raye tana kallo. Wannan ya fi tsaya mini a rai. Ina da wa a Kano, mun taɓa yin wata 8 ba ma magana saboda rabon gado, na san nauyin abin.

Abokin nawa ya wuni a layin sayen tikiti ta intanet, da layi ya zo kansa kuɗin ya haura fam 350. Ya yi tsaki, ya biya.

Ranar 4 ga Yuli 2025 Noel da Liam suka fito dandali a birnin Cardiff, hannunsu riƙe da juna. Sau uku na maimaita bidiyon wurin nan kawai.