Kafin ki buɗe gidan renon yara a Yamai: izinin hukuma da takardar sharuɗɗan iyaye

Dokar aiki ta Nijar ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 14, takwas daga ciki bayan ta sauka. Ke nan jariri bai cika wata uku ba uwarsa za ta koma bakin aiki, kuma ba kowace ke da kaka ko ƙanwa a gida ba. Shi ya sa gidajen renon yara ke ta ɓullowa a unguwannin Yamai, wasu da allo a ƙofa, wasu a falon gida ko suna babu. Wadda ke son yin abin bisa ƙa'ida, takardu iri biyu ke gabanta: na hukuma, da wadda ita za ta tsara iyaye su sa hannu. Akasari a kan na hukuma ake ƙarar da ƙarfi, alhali ta biyun ce ake buɗewa duk ranar da gardama ta tashi.

Fara da tsayar da shekarun yaran da za ki karɓa, don shi ke nuna ƙofar da za ki buga. Dokar tsarin ilimi ta 1998, wadda ake kira LOSEN, ta sa ƴan shekara 3 zuwa 5 a ajin share fage, wato jardan, kuma wannan na hannun ma'aikatar ilimi. Makarantu masu zaman kansu kuma dokar 1996 ce ke tafiyar da su. Ƴan ƙasa da shekara 3 ba ɗalibai ba ne, batunsu ya fi karkata ga jami'an kare yara da na lafiya. In za ki haɗa jarirai da ƴan jardan a gida ɗaya, faɗi haka ƙarara a takardar neman izini. Kada a ba ki izinin aji, mai bincike ya zo ya tarar da gadajen jarirai.

A ɓangaren ilimi izini hawa biyu ne: na kafawa, sannan na buɗewa. Na farko kan duba ke wace ce da abin da kike nufin yi, na biyu kan duba ginin da ma'aikata. Samun na farko ba ya nufin ki fara karɓar yara. Dosiyen yakan ƙunshi takardar nema mai tambur, takardar haihuwa da ta zama ɗan ƙasa, kaziye (takardar shaidar rashin laifi) daga kotu, shaidar likita, takardun karatun shugabar wurin da na malamai, zanen ginin, da takardar mallaka ko ta haya. Kaziye wata 3 yake yi ya mutu, saboda haka shi za ki nema a ƙarshe, in ba haka ba kafin sauran su haɗu ya zama tsohuwar takarda. Ki yi hoton komai, ki kuma karɓi shaidar ajiye dosiye mai ɗauke da kwanan wata. Wata dabara mai ceton kuɗi: kai jami'in ofishin ilimi na yankinki ya ga gidan kafin ki biya hayar shekara.

Gefe guda akwai rajistar kasuwanci da lambar haraji, RCCM da NIF, waɗanda ake yi a Maison de l'Entreprise, sai rajistar ma'aikata a CNSS, asusun kare lafiya da fansho na ma'aikata. Mafi ƙarancin albashi tun Janairun 2024 jika 42 ne. Ki sa wannan a lissafi tun farko, domin tanti, wato mai renon yara, in ana biyanta ƙasa da haka ba ta daɗewa, kuma jariri ba ya son sauyin hannu.

Batun gini ba na wasa ba ne a ƙasar nan. A watan Afrilun 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kusan 20 suka rasu, galibinsu ƴan jardan. A Nuwamban shekarar aka sake yin irinta a Maraɗi, daga nan gwamnati ta hana azuzuwan zana ga ƴan share fage. Don haka ko rumfar wasa kada ki yi da zana. Ɗakin yara ya zama da mafita biyu, ƙofa tana buɗewa waje, babu kwaɗo a kanta muddin akwai yaro a ciki. Madafa a ware, tukunyar gas a wajen ɗaki, abin kashe gobara a rataye inda babba zai kai hannu, kuma kowace tanti ta taɓa gwada shi. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, a rubuta a bango.

Ruwa ma kisa yake yi ba ƙara. Mai rarrafe na iya nutsewa a bokitin wanki in ya faɗa da kai, don haka bokiti a kife, randa da tano a rufe, murfin ramin masai na siminti ba katako ba. A watan Afrilu da Mayu zafi kan haura 40. Ɗakin kwano marar silin ba ya kwantar da jariri, kuma dole ki san abin da za a yi in wuta ta ɗauke da azahar, ko batir ne ko sola. Gidan da ke kwari ko kusa da kogi kuwa, tambayi maƙwabta inda ruwa ke tsayawa a watan Agusta.

Yawan masu reno shi ne inda ake yawan ha'inci. A Faransa ƙa'idar da aka saba ita ce babba ɗaya ga yara 5 da ba su fara tafiya ba, ko 8 masu tafiya. Ni dai a zafinmu ba zan ba tanti ɗaya jarirai fiye da 4 ba, kuma mai girki da mai gadi ba sa shiga wannan ƙidaya.

To, takardar iyaye. Shafi uku ko huɗu sun isa. Ma'auninta ɗaya ne: tantin da ke bakin ƙofa da ƙarfe 6 na yamma, ba ki nan, ta iya aiki da ita ba sai ta kira ki ba.

Sashen da ya fi kowane nauyi shi ne wa zai ɗauki yaro. A rubuta sunayen mutum biyu ko uku, da lambar wayarsu da hoton katin shaidarsu. Wanda ba ya ciki ba a ba shi yaro, ko da yaron ya ruga yana kiran kawu. In uwa ta aiko wani, ta kira da lambar da ke rubuce, ko wurin ya kira ta. Saƙon baki ba ya wadatarwa. Ɗan kabu-kabu shi kaɗai ba ya ɗaukar ɗan shekara biyu. Inda iyaye suka rabu, abin da ke rubuce ko hukuncin alƙali ake bi, gidan reno ba ya shiga tsakani. A ƙofa a ajiye kaye, wato littafin rajista: lokacin zuwa, lokacin tafiya, sa hannu. Tanti ta samu jimlar da za ta riƙe: "Alhaji, ka yi haƙuri, sunanka ba ya cikin takarda, bari mu kira maman yaro." Faɗin haka ga dattijo na da nauyi a al'adarmu, shi ya sa ake so laifin ya hau kan takarda ba kan yarinyar ba.

Sai rashin lafiya. Wajen rajista a ga littafin rigakafi da ido: BCG ta tarin fuka bayan haihuwa, allurai na mako 6, 10 da 14, ta ƙyanda da ta shawara a wata 9. Zafin jiki ya kai 38, a kira iyaye. In jaririn bai kai wata 3 ba, likita za a nufa kai tsaye. Mai gudawa ko amai ya zauna gida. Mai ƙyanda sai bayan kwana 4 da fitowar ƙuraje, mai ƙarambau sai ƙurajen sun bushe. Abin da ke faruwa a zahiri, uwa na tsoron rasa ranar aiki, sai ta ba yaro farasitamol da asuba ta kawo shi jiki sanyi, da hantsi zazzaɓi ya dawo. Maganin wannan shi ne a riƙa tambaya a ƙofa ko an ba shi wani abu, a rubuta amsar. Ba a ba yaro magani sai da takardar likita, a kwalbarsa ta asali, da suna da awo. Jiƙo da rubutu a bar su gida. A kuma sa layin da iyaye suka yarda a kai ɗansu asibiti in an kira ba a same su ba, tare da sunan asibitin. Lokacin maganin rigakafin zazzaɓin damina, wanda ake ba ƴan wata 3 zuwa 59, a tambayi iyaye ranar da aka ba yaro, kada a maimaita.

Abinci a taƙaice: nonon da uwa ta tatso a sa masa suna da lokaci, ya shiga firigo nan take. Madarar gwangwani da aka haɗa, in ta yi awa 2 a waje, a zubar. Ba zuma kafin shekara 1, ba gyaɗa ƙwaya ko alawa mai tauri ga ƙanana. Jariri a rigingine yake barci, ba matashi. Duka, tsoratarwa da dodo, da kulle yaro a ɗaki, a rubuta cewa dalilin kora ne. Hoton yara ba ya hawa WhatsApp ko Facebook sai da izinin iyaye a rubuce.

Kuɗi kuma a fayyace: ranar biya, kwanakin sassauci, ko ana rage wani abu in yaro bai zo ba, kuɗin rajista ana mayarwa ko a'a, da tarar jinkirin ɗauka. Tarar nan a ba tantin da ta tsaya, don ita ce ta rasa motar gida. A faɗi lokutan aiki na azumi da ranar Juma'a tun ba a kai can ba.

Ko da takardar da Faransanci take, a zauna a karanta wa iyaye ita da Hausa ko Zabarmanci, a tura musu da murya ma, don kakar da ke kawo yaro ta ji. Kwafi biyu, uba da uwa su sa hannu in zai yiwu, ɗaya a gida ɗaya a fayil ɗin yaro. In za ki ƙara kuɗi ko ki sauya wani sharaɗi, ki sanar a rubuce wata guda kafin nan, kuma ya fara aiki da komawar makaranta a Oktoba, ba a tsakiyar shekara ba.