Ɗakin gwajin Active Directory, zango na huɗu: an kafa doka, kwamfuta ta ƙi bi

'Yan uwa masu koyo, ga inda aiki ya tsaya a gwajinmu na Active Directory, tsarin Microsoft da ke tara asusun mutane da kwamfutocin ofis a wuri ɗaya da ake kira domen. Ɗakin gwajin yana nan yadda aka bar shi: kwamfuta guda mai RAM 16GB da Hyper-V a kanta, manhajar da ke kunna VM, wato kwamfutocin kwaikwayo a cikin ta gaske, sai injinan VM uku. DC01 da DC02, wato DC (Domain Controller, sabar da ke riƙe da domen), suna ɗauke da Windows Server 2022 na gwaji, wanda Microsoft ke bayarwa na kwana 180, adireshinsu 10.10.0.10 da 10.10.0.11. Na ukun shi ne PC01 mai Windows 11 Pro. Wanda ya ɗora Home ya sauya tun yanzu, don Home ba ya shiga domen. Sunan domen ɗin gwaji.test.

Aikin wannan zango dokoki biyu ne cikin GPO ɗaya, wato kundin dokokin da domen ke tura wa mutane da kwamfutoci. Ta farko, duk ma'aikacin sashen kuɗi ya tarar da faifan S: idan ya shiga, ta hanyar Drive Maps da ke ƙarƙashin User Configuration, Preferences. Ta biyu, allo ya kulle kansa bayan daƙiƙa 600, wato minti goma, ba a taɓa shi ba, da saitin Interactive logon: Machine inactivity limit. Aka rataya GPO ɗin a kan OU (akwatin da ake jera asusu a cikin domen) mai suna Kudi, aka buga gpupdate /force. Faifai ya fito, allo kuwa ko gezau.

Wannan umarni na gpupdate /force ya zame wa masu koyo kamar fanadol, kowane ciwo shi ake sha. Abin da yake yi kawai shi ne ya sa kwamfuta ta sake karanta dokokin da suka shafe ta yanzu, maimakon ta jira lokacinta na minti 90 da ƙarin da bai wuce minti 30 ba. Dokar da ba ta shafe ta ba, ko sau ɗari aka buga ba za ta zo ba. Abin da ya kamata a fara bugawa shi ne gpresult /r /scope computer, a tagar da aka buɗe da ikon admin.

Layin farko-farko na amsar ya tona asirin: CN=PC01,CN=Computers. Kowace GPO rabi biyu ce, rabin mutum da rabin kwamfuta. Rabin mutum yana bin inda asusun mutumin yake, rabin kwamfuta yana bin inda asusun kwamfutar yake. Kulle allo na rabin kwamfuta ne, OU na Kudi kuwa mutane ne zalla a ciki. PC01 tana zaune a Computers, inda duk sabuwar kwamfuta ke faɗawa, kuma Computers ba OU ba ne, ba a iya rataya masa GPO. Gyaran shi ne a buɗe OU mai suna Kwamfutoci, a kai PC01 can, a raba GPO ɗin gida biyu. Don sababbi su riƙa sauka a wurin da ya dace, sai a buga redircmp "OU=Kwamfutoci,DC=gwaji,DC=test" sau ɗaya a kan DC. Raba dokar mutum da ta kwamfuta yana ƙara yawan GPO, amma ranar neman matsala sunan kaɗai zai gaya maka inda za ka duba.

Tarko na biyu ya fi wannan daɗewa yana wahalar da mutane. Ana son faifan S: ya tsaya ga rukunin Masu-Kudi kaɗai, sai a je Security Filtering a cire Authenticated Users a sa rukunin. A ido daidai ne. Faifai ya ɓace wa kowa, har da 'yan rukunin. Dalilin yana komawa ga gyaran tsaro na MS16-072 da ya fito a watan Yunin 2016. Tun daga nan, kwamfuta ce ke zuwa ta ɗauko dokar mutum da asusunta, ba da na mutumin ba. Authenticated Users ya haɗa mutane da kwamfutoci, cire shi ya raba kwamfutar da izinin karanta GPO ɗin. Sai a shiga shafin Delegation a ƙara Domain Computers da izinin Read kawai, ban da Apply group policy. A kuma tuna, wanda aka sa cikin rukuni yanzu sai ya fita ya sake shiga, domin rukunoninsa a lokacin shiga ake lissafa su. Ita kwamfuta sai an sake kunna ta.

Daga nan aka fara ɓata abubuwa da gangan, don a ga kamannin kowace cuta. An sa wa PC01 8.8.8.8, sabar Google, a matsayin DNS, wato mai fassara suna zuwa adireshi. Intanet na tafiya lafiya lau, shi ya sa wannan kuskure ke ɓuya a ofisoshi. Amma kwamfuta da DNS take gano DC, tana tambayar rikodin SRV mai nuna inda DC yake, kuma sabar Google ba ta taɓa jin labarin gwaji.test ba. A gwada nslookup -type=srv _ldap._tcp.dc._msdcs.gwaji.test, sannan nltest /dsgetdc:gwaji.test. Idan ba su kawo sunan DC ba, a bar maganar GPO tukuna. Sa 8.8.8.8 a layi na biyu na DNS ma bai fi ba, ya ma fi muni, don matsalar sai ta riƙa zuwa tana tafiya. Layi biyun duka na DC01 da DC02 ne, sabar waje kuma a sa ta cikin Forwarders a kan DC.

Agogo ba ya buƙatar dogon bayani. Kerberos, tsarin da domen ke tantance masu shiga da shi, yana yafe bambancin minti 5 ne tsakanin agogon kwamfuta da na DC. Kwamfutocin domen suna karɓar lokaci daga DC, su kuma daga mai riƙe da matsayin PDC Emulator. w32tm /query /source zai nuna daga ina ake sha. A Hyper-V sau da yawa za a ga DC na ɗaukar lokaci daga uwar kwamfutar da ke ɗauke da shi, sai a kashe Time synchronization a saitin VM ɗin. Inda ake yawan ɗauke wuta, tsohuwar kwamfuta mai mataccen batirin CMOS takan tashi da kwanan watan shekarun baya.

Gwajin da ya fi koyarwa shi ne na SYSVOL, kuma kowa ya yi shi da hannunsa. GPO tana zaune a wuri biyu. Sunanta da izininta suna cikin Active Directory, ainihin saitunan kuma suna cikin folda a \\gwaji.test\SYSVOL\gwaji.test\Policies, kowace da doguwar lambarta ta GUID. Ta Default Domain Policy tana farawa da 31B2F340 a kowane domen. Wurare biyun nan ba mota ɗaya suke hawa zuwa ɗayan DC ba: na farko Active Directory ke kwafa da kansa, na biyu DFS Replication, wato DFSR. To, a tsayar da sabis ɗin DFSR a DC02, a ƙirƙiri sabuwar GPO a DC01, a rataya ta a kan OU na Kwamfutoci, a jira sunanta ya bayyana a DC02, sannan a kashe DC01 a buga gpupdate a PC01. Kwamfutar za ta ga sunan dokar, ta je ɗauko gpt.ini ta tarar babu foldar, sai Event 1058 ya fito a System log da cikakkiyar hanyar fayil ɗin. A sake kunna DC01, a kwafi hanyar nan a liƙa a File Explorer, a sauya sunan domen da na kowane DC bi da bi, nan take za a ga wanda ke da giɓi.

Abin lura, repadmin /replsummary zai iya nuna sifili a wajen kurakurai alhali SYSVOL a tsaye yake, don ba shi yake dubawa ba. Sai an buɗe log ɗin DFS Replication. A ofis wannan cuta takan zo da siffar "wasu sun samu, wasu ba su samu ba", gwargwadon DC ɗin da kowace kwamfuta ta dace da shi. Kuma masu barin DC02 a kashe don tsimin RAM su kula: idan ya wuce kwana 60 bai gana da ɗan uwansa ba, DFSR zai daina kwafa ya rubuta Event 4012, kunna shi kaɗai ba zai wadatar ba.

Masu komawa tsohon Checkpoint na PC01, wato hoton halin da VM ɗin yake ciki a baya, kuma za su iya cin karo da saƙon cewa amana tsakanin kwamfuta da domen ta lalace. Kwamfuta tana sauya kalmar sirrinta duk kwana 30, tsohon hoton yana riƙe da wadda ta shuɗe. Ba sai an fitar da ita daga domen ba. A shiga da admin na cikin kwamfutar, a buga Test-ComputerSecureChannel -Repair -Credential gwaji\Administrator a PowerShell.

Zango na biyar na Loopback ne, saitin da ke sa dokar mutum ta bi kwamfutar da ya shiga, da nau'o'insa biyu, Merge da Replace. Kafin nan kowa ya buɗe OU mai suna Dakin-Taro ya ƙara VM ɗaya, PC02, a ciki.