Godiya ga mutanen bakin kanal, tsakanin Kura da Tiga

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, ƙanena ya dawo gida daga asibiti bayan faɗuwar da ya yi a keke ranar Asabar. An yi masa ɗori a hannun dama, likita ya ce ƙashin zai haɗe nan da 'yan makonni, kuma buguwar da ya yi a ka ba ta taɓa komai ba. Masu kira da masu turo saƙo tun ranar Asabar, ku yi mini afuwa, ban iya amsa wa kowa ɗaya bayan ɗaya ba. Allah ya bar zumunci. Amma akwai wasu mutane da wayata ba za ta kai gare su ba, saboda ko lambarsu ban karɓa ba, kuma su ne dalilin wannan rubutu.

Mu bakwai ne muka tashi. Mun daɗe muna hawan keke tare a Kano, kuma duk wanda ya taɓa taka keke a titin Zariya ya san abin da ake ciki: tirela tana wucewa iskarta tana neman tura ka cikin kwata, mai adaidaita yana tsayawa a gabanka ba sigina. Shi ya sa muka fara neman hanyoyin burji, inda mota ba ta cika bi ba. Wani daga cikinmu ɗan Kura ne, shi ya ce mu gwada hanyoyin da ke bin bakin kanal ɗin noman rani. An yi su ne domin masu kula da ruwa da manoma, jar ƙasa ce da tsakuwa, kuma suna tafiya kilomitoci ba tare da sun haɗu da kwalta ba. Muka loda kekuna a mota zuwa Kura, muka yi sallar asuba a can, muka kama hanya kudu da niyyar mu kai Tiga kafin la'asar.

Zan so wanda bai taɓa zuwa wurin nan ba ya san me ke can. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ita ke sako ruwan. Babban kanal yana ɗauko shi, ya rarrabu zuwa ƙanana, ya shiga gonakin Kura da Garun Malam da Bunkure da ƙarfin gangara kawai, ba inji. Hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da aikin. Saboda haka a tsakiyar hunturu, lokacin da ko'ina ya yi fari fat, nan kore ne shar: alkama a gefe guda, albasa da tumatir a ɗaya gefen, balbelu suna bin masu huɗa. Muna tafiya ruwa yana tahowa yana wuce mu. Cikin awa uku na farko abin da muka haɗu da shi bai wuce amalanken shanu da jakai da 'yan babura masu kai kwandunan tumatir kasuwar Kwanar Gafan ba. Kana jin ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin tayarka, kana jin sallamar mutum daga tsakiyar gonarsa. Ban taɓa jin daɗin keke kamar safiyar nan ba.

Godiyata ta farko ga wani dattijo mai facin keke ne, a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya a bakin wani ƙauye. Tsidau ya fasa mana tayoyi uku a wuri ɗaya, facin da muka taho da shi ya ƙare. Baba bai tsaya ga liƙe hujin ba. Ya zare tayar gaba ɗaya, ya zura yatsunsa yana shafa cikinta a hankali, idonsa a rufe, har ya tsinto ƙayoyi biyu da suka karye a ciki, ya ɗora mini su a tafin hannu. Ya ce, "Yaro, in ka bar waɗannan, ba za ka kai gadar can ba." Shi ne kuma ya ce mu daina bin gefen hanya inda ciyawa ta bushe, mu bi sawun babura. Da muka tashi biya ya karɓi kuɗin faci ɗaya, ya ce sauran na baƙunta ne. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Abin ya faru bayan azahar. Akwai wata gangara inda hanya ta bar bakin kanal ta sauka cikin wani kwari, ƙasanta rairayi ne da iska ta tara. Daga sama ba ka bambance shi da burji. Ƙanena yana gaba, da gudunsa, tayar gaba ta nutse, keken ya tsaya cak, shi kuwa ya wuce ta sama. Hular kwanon da ke kansa ta tsage gida biyu. Ina roƙon duk mai hawan keke ya dubi wannan magana da kyau, domin ni na ɗauko hular da hannuna, na ga inda dutse ya shiga.

A nan ne abin da muka zo nema ya juya mana. Mun yi murnar samun hanyar da ba mota, ga shi muna neman mota ido rufe, babu ita babu dalilinta. Waya tana kamawa tana saki. Direban da ya kai mu Kura ya ɗauka sau ɗaya, amma mun kasa kwatanta masa inda muke, don kowace gada kamar 'yar'uwarta take.

Wata Bafulatana mai tallan fura da nono ce ta fara isowa. Ta sauke ƙwaryarta, ta dubi hannun, ta hana mu ja masa shi, alhali wani daga cikinmu har ya kama zai miƙar. Ta karyo karan dawa daga shingen wata gona, ta tsaga shi, ta kwance ɗankwalin da ta yi gammo da shi, ta ɗaure hannun tun daga gwiwa har zuwa yatsu. Tana ɗaurewa tana ce masa, "Sannu ɗan nan, sannu, kada ka kalla." Likitan da ya kwance ɗaurin daga baya ya ce wanda ya yi wannan ya taimake mu ƙwarai, don ƙashin bai ƙara gocewa ba. Inna, ɗankwalinki yana wurin mahaifiyarmu, ta wanke shi ta goge, ta ce sai ta haɗa da turmin zane a kai miki.

Sai kuma mai babur. Matashi ne, bai fi shekara ashirin da biyar ba, ya ɗauro kwanduna biyu na tumatir zai kai bakin titi. Wanda ya san tumatir ya san ba ya jira, in rana ta buge shi a kwando kuɗinsa ya ragu. Ya tsaya, ya kwance robar, ya sauke kwandunan a inuwar wani gawo, ya ce in hau baya in riƙe yaron a tsakiya. Tafiyar da zai yi cikin minti ashirin sai da ta ci kusan awa ɗaya, saboda duk rami sai ya sa ƙafa a ƙasa ya lallaɓa. A bakin kwalta shi ya tare mana mota, shi ya yi ciniki, ya juya ya koma ga kayansa kafin in gama laluba aljihu. Na bi shi da kira, ya ɗaga hannu kawai. Ɗan'uwa, Allah ya yi wa kasuwarka albarka, ya mayar maka da ninkin abin da ka rasa a ranar.

Sauran abokan tafiyarmu biyar sun rage da kekuna bakwai, rana tana faɗuwa. Mai unguwar ƙauyen da ke kusa ya aiko yara suka turo kekunan, ya sa aka buɗe musu zaure, aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka. Can suka kwana. Ranka ya daɗe, mun gode, Allah ya ƙara girma. Haka ma'aikatan asibitin da suka karɓe mu da daddare, da abokan da suka kwana a tsaye tare da ni a baranda, da maƙwabcinmu da ya je ya kwantar wa mahaifiyarmu da hankali kafin labari ya iso mata a karkace.

Ga 'yan'uwa masu keke da suka fara tambayata hanyar: tana da kyau, ku je, amma ku tafi da wanda ya san ƙauyukan da sunayensu, ku faɗa wa direbanku mahaɗar da zai jira ku, ku sauka ku tura a duk gangarar da ba ku ga ƙasanta ba. Ku rage gudu idan kun hango shanu ko yara. Hanyar gonar mutane ce, mu baƙi ne a kanta.

Ba mu kai Tiga ba. Ranar Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, ni da abokinmu ɗan Kura za mu koma a babur, da ɗankwalin Inna da zanenta, da kwalin faci da sabon famfo na Baba. Mai babur ɗin ne ban san inda zan same shi ba. Babur ɗinsa ja ne, an ɗaure madubin hagu da baƙar roba. Duk wanda ke harkar tumatir a Kwanar Gafan ko Kadawa kuma ya ji labarin wanda ya bar kayansa a gindin gawo ranar Asabar, don Allah ya yi mini magana.