Kyamara uku a dajin White River

Shekarar farko da na ɗaura kyamarar daji a dajin White River na jihar Kolorado a Amurka, hotuna fiye da 2,000 na kwaso, kusan duka ciyawa ce iska ke kaɗawa. Wani fili mai kyaun gani na zaɓa, na fuskantar da ita gabas. Ita irin wannan kyamara ɗumi da motsi take ji kafin ta ɗauki hoto, shi ya sa duk safiya da rana ta ɗumama ciyawar gabanta sai ta yi ta ɗauka har batir ya mutu. Tun daga ranar arewa nake fuskantar da ita, in kuma share duk reshe da ciyawar da ke gabanta.

Elk barewa ce babba, namijin yakan fi gwanki jiki, kuma ba ya jure zafi. Da rana yana kwance a gangaren tsaunin da ke kallon arewa, inda itatuwa suka yi duhu, sai magariba ya fito kiwo. Na taɓa kai kyamara har cikin makwancinsu. Sau biyu na shiga canja katin ajiyar hotuna, garken ya ji warina ya tashi, bai dawo ba har kakar ta wuce. Abin ya dame ni ƙwarai, don ni na raba su da inuwarsu. Yanzu turbar da ta haɗa makwanci da wurin kiwo nake tarewa, kyamarar a karkace, yadda dabba za ta daɗe a gabanta.

Wurin da ya fi biya mini bukata shi ne wurin birgima. Daga ƙarshen Agusta, da lokacin barbara ya gabato, namiji yakan nemi taɓo kusa da idon ruwa, ya yi fitsari a ciki, ya kwanta ya shafe jikinsa. Hanci ne ke kai mutum wurin kafin ido. Kawuna maharbi ya sha gaya mini ina yaro: "Ɗana, inda nama ke tsayawa za ka nema." A bakin taɓon nan dabba kan yi minti goma, ka ƙirga rassan ƙahonta ɗaya bayan ɗaya. Sai dai elk akwai son bincike. Wani ya lashe mini gilashin kyamara, ya goga mata goshi har ta koma kallon ƙasa. Yanzu sama da kaina nake ɗaure ta, in cusa ɗan icce a bayanta ta sunkuyo.

Barewa mai manyan kunnuwa kuwa, a mashaya nake samunta, ko inda tsauni ya lotsa tsakanin ƙololuwa biyu, ko wurin da na ga gashi maƙale a wayar shinge.

Kafin in ɗaura, sai na karanta dokar jiha. Jihar Arizona, alal misali, ta hana amfani da kyamarorin daji wajen farauta tun farkon 2022.

Hotunan Yuli ma suna da ruɗi. Mazan elk biyar da na gani tare a saman tsauni, kafin tsakiyar Satumba sun watse, kowa ya bi mata. Ranar da na sauko da kyamara ta uku zuwa bakin taɓon, ɗaya daga cikinsu na tarar a katin, jikinsa baƙi ƙirin da laka.