Daga Jimbocho zuwa Gaien: inda ake kwafar zanen Sarki Meiji da hannu

A ƙarshen Nuwamba na sauka Tokyo, washegari na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Jimbocho, unguwar masu sayar da tsoffin littattafai. Yawancin shagunan suna fuskantar arewa don kada rana ta ci kayansu. Abin da ya kai ni shi ne zane-zanen gidan sarautar Japan na zamanin sarkinsu Meiji, wato na lokacin yaƙinsu da Sin a 1894 zuwa 1895, da wanda suka yi da Rasha a 1904 zuwa 1905.

Iri biyu za ka tarar a cikin akwatunan. Akwai na gida da aka buga da sassaƙaƙƙen katako, galibi falle uku ne ake jerawa su ba da hoto ɗaya, kowane falle wajen santimita 36 a tsaye, 25 a kwance. Akwai kuma bangon jaridun Turai, musamman Le Petit Journal ta Faransa. Takardar jaridun ta yi ruwan ƙasa, gefenta na marmashewa da ka ɗan matsa. Shi ya sa mai son ratayawa a bango yakan ba da a kwafa masa da hannu, asalin ya koma akwati.

A saman wani shago na samu wani dattijo mai wannan sana'a, na zauna ina kallo har yamma. Ba ya fara komai sai ya tsare takardar. Takardar gargajiya ce ta ɓawon itace, tana shan ruwa kamar soso, don haka ana shafa mata dosa: danƙon fata da aka jiƙa tun dare, a narka shi a ruwan ɗumi ba tare da ya tafasa ba, a sa ɗan alif kaɗan. Idan ya tafasa, ƙarfinsa ya tafi. Idan alif ya yi yawa, takardar ta riƙa ƙyalli, ta kuma tsufa da wuri. Da faffaɗan buroshi ake shafawa, hannu na tafiya gefe ɗaya, kuma ranar da gari ya bushe. Wurin da buroshi ya tsallake, nan fenti zai malale ya ɓata aikin mako guda.

Daga nan ya ɗora takardar mai shara-shara a kan zanen, ya bi layukan da baƙar tawada, ya bar ta ta bushe sarai. Launi kuwa gari ne, da ɗan yatsa ake kwaɓa shi da danƙo a ƙaramin faranti. Farin fuska da na rigunan ma'aikatan jinya shi ya fi cin rai. Sunansa gofun, daga ƙwanson dabbar teku ake niƙa shi. Sai an cuɗa shi ya zama ɗan curi, a yi ta maka shi a kan faranti kamar sau ɗari, sannan a tsinka da ruwa. Danƙo ya yi ƙaranci, farin ya kakkaɓe; ya yi yawa, ya tsattsage. Shafi uku masu ruwa-ruwa sun fi ɗaya mai kauri.

Jan zamanin Meiji da shunayyarsa rini ne na kanti da aka shigo da shi daga Turai, mai tsananin haske, kuma da ya ji laima sai ya zuba. Dattijon ya nuna mini wani falle inda jan labule ya gangaro kan kafaɗar sarki. Mai kwafa da bai san wannan ba sai ya ɗauka inuwa ce, ya zana ta.

A ganina, wurin da ake gane gwani shi ne tambarin sarauta. Hoton wani fure ne da Japanawa ke kira kiku, mai ganye 16 a gaba, da kawunan wasu 16 suna leƙowa ta baya. Na ƙirga a wani kwafi mai araha na samu 14. Fuskar sarkin ma da wuya a ce mai zanen jarida ya taɓa ganinta. Hoton da ya fi yaɗuwa zane ne da Edoardo Chiossone, ɗan Italiya, ya yi a 1888, aka ɗauke shi da kyamara aka rarraba.

Kashegari na sauka a tashar Shinanomachi, na taka zuwa gidan zane na tunawa da Meiji da ke Gaien, wani filin shaƙatawa a Tokyo, itatuwan ginko sun yi rawaya fes. An gama ginin a 1926, zane 80 ne a ciki, 40 salon Japan, 40 fentin mai irin na Turai. Akwai sarki a hedkwatar yaƙi ta Hiroshima, inda ya tare a Satumban 1894, da uwargidansa Shoken tana duba sojojin da suka jikkata a asibiti a 1895. An yi su ne bayan rasuwarsa a 1912, da kula da kowane maɓalli da lambar girma, don haka sun fi jaridu amfani wajen tantance kaki.

Kafin na bar gari na koma na karɓi falle ɗaya. Dattijon ya ƙi naɗe shi. Ya sa shi kwance tsakanin kwali biyu masu kauri, ya ce gofun ba ya jure lanƙwasa.